Amsar murya kan H da L ɗin takardar gwajin jini

Assalamu alaikum jama'ar gida. Hajiya, na ga hoton takardar gwajin da kika turo, an sa H (wato ya yi sama) da L (wato ya yi ƙasa) a gefen wasu lambobi, kina tambaya ko ciwo ne alhali garau kike jin jikinki. Zan amsa a nan saboda kowa ya amfana.

Ki duba gefen kowane sakamako, akwai lambobi biyu, daga kaza zuwa kaza. Yadda ake samo su shi ne, a tara mutane masu lafiya, aƙalla 120, a auna su, a jera daga ƙarami zuwa babba, sai a zubar da kashi 2.5 cikin 100 na can ƙasa da 2.5 na can sama. Abin da ya rage a tsakiya, kashi 95, shi ake kira daidai. Kenan tun daga tushe, mutum 1 cikin 20 mai ƙoshin lafiya zai faɗo waje. In kuwa aka yi miki gwaji iri 20 da ba su da alaƙa da juna, yiwuwar aƙalla ɗaya ya fito da H ko L ta kai wajen kashi 64, ba tare da kina da komai ba.

Sannan su wa aka auna? Ɗakunan gwaji da dama iyakar da ta zo a takardar kamfanin na'ura suke kwafa, kuma yawanci Turawa aka auna. Akwai wani nau'in fararen ƙwayoyin jini, niyutrofil, wanda yawancin mutanen Afirka ta Yamma nasu yana ɗan ƙasa saboda gado, kuma ba ya ƙara musu kamuwa da cuta. Sai na'ura ta buga L, hankali ya tashi a banza.

Ƙarfin jini ma, wato himogulobin, ya danganta da waye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙasa da 13 ƙarancin jini ne ga namiji, 12 ga mace, 11 ga mai ciki (10.5 a watanni ukun tsakiyar ciki, tun 2024), don ruwan jini yana ƙaruwa da ciki ya tsarma shi. Mai sikila SS kuwa yakan zauna tsakanin 6 da 9. Shi da nasa na baya ake kwatanta shi: wanda ya saba 8 ya sauko 5, asibiti yanzu-yanzu.

To amma kar a ɗauka duk lambobi haka suke. Na hawan jini da na suga an yanke su ne a inda aka ga haɗari yana ƙaruwa, shanyewar ɓarin jiki, ƙoda, ido. Shi ya sa suke motsi. Sugan da aka auna bayan awa 8 ba a ci komai ba, a da sai ya kai 140 ake cewa ciwo, a 1997 aka sauke zuwa 126. Hawan jini yawancin ƙasashe 140 bisa 90, Amurka ta sauke zuwa 130 bisa 80 a 2017. Waɗannan biyun ba a jiran sai jiki ya nuna, mutum yana yawonsa suna cin sa a ɓoye. Awon ma da ƙa'ida: a zauna minti 5, ba goro, ba kofi, ba taba cikin rabin awa, hannu a daidai zuciya. In madaurin ya yi wa dantse kaɗan, lamba za ta haura ta ƙarya. Kuma a maimaita wata rana kafin a yanke hukunci.

Yawan abu a gari ma ba ya mai da shi lafiya. A wasu ƙauyukan bakin ruwa, yaro ya yi fitsarin jini a ce girma ne, alhali tsargiya ce, kuma akwai maganinta, farazikwantel. Ita Hukumar Lafiya ta Duniya tun 1948 ta fassara lafiya da cikakkiyar walwalar jiki da ƙwaƙwalwa da zamantakewa. Kalmar "cikakkiya" dai ta yi nauyi a ganina, da ita kusan ba wanda zai tsira, amma ta yi daidai da ba ta tsaya kan takarda ba.

Don haka Hajiya, ki koma wurin likitan da ya rubuta gwajin, ki tafi da tsoffin takardunki in akwai, ki faɗa masa magungunan da kike sha har na gargajiya, da ko kina da ciki ko azumi kike ranar. Ki tambaye shi nisan lambar daga iyaka, da ko sai an sake. Kar ki sayi maganin ƙarin jini a kyamis kafin nan. Allah Ya ƙara lafiya.