Tambaya da Amsa: Abokaina Suna Gayyata Ta Cin Abinci a Mashayar Unguwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a birnin Nottingham na ƙasar Ingila, kuma duk Juma'a da yamma abokan karatuna sukan gayyace ni wata tsohuwar mashaya a unguwarmu, suna cewa abinci kawai za mu ci. Ba na shan giya, kuma ba na so su ɗauka ina ƙyamar su ne. Me ake ci a irin wannan wuri, kuma ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa, Allah Ya ba da sa'ar karatu. Abokanka ba su yi maka ƙarya ba, domin a wajen Baturen Ingila mashayar unguwa tana kama da teburin mai shayi a wajenmu: nan ake haɗuwa bayan aiki, a kalli ƙwallo, a ji labarin maƙwabta. Wasu daga cikin waɗannan mashayu sun daɗe ƙwarai. A birnin da kake akwai Ye Olde Trip to Jerusalem, wadda ke manne da dutsen da tsohuwar fadar garin take kai, kuma masu ita suna cewa tun 1189 take. A Landan kuwa an sake gina Ye Olde Cheshire Cheese a 1667, shekara guda bayan babbar gobarar birnin. Tun da aka hana shan taba a cikinsu a Yulin 2007, da yawa sun ƙara dogara ga sayar da abinci, har iyalai sukan je da yara ranar Lahadi.

Inda nake so ka fi zuba ido shi ne faranti, domin abin da ke cikin kofi kowa yana ganinsa, na cikin tukunya kuwa sai an tambaya. Soyayyen kifi da dankalin Turawa shi ne abin da Musulmi yakan fara nufa, alhali a wurare da yawa da giya ake kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin a ciki. Akwai naman sa da ake dafawa da giya a rufe shi da ɓawon fulawa a gasa, kuma romon da ake zubawa a kan gasasshen naman Lahadi wani lokaci da ruwan inabi mai sa maye ake haɗa shi. Baƙin curin nan da ake yankawa fale-fale a abincin safe da jinin alade ake yinsa, ƙananan ledojin da ke rataye bayan kanta kuma sau da yawa soyayyiyar fatar alade ce a ciki. Naman sa da na kaza ma galibi ba yankan Musulmi ba ne. Tambayar abin da aka zuba a girki ba abin kunya ba ne a can, sun saba jin ta kullum.

A kantar mashayar ake yin oda a biya nan take, kuma al'adarsu ce mutum ɗaya ya saya wa kowa abin sha, idan an shanye wani ya karɓa. Ka lura da wannan sosai, saboda in layi ya zo kanka, kuɗinka ne zai sayi giyar wasu. Ruwan famfo kyauta ne bisa doka, akwai kuma lemo iri-iri, amma abin da suke kira shandi giya ce da aka sirka da lemo.

Game da zaman kansa, ba zan ɓoye maka ra'ayina ba. Tirmizi ya ruwaito hadisin da ya hana mai imani da Allah da Ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma mashaya don giya aka kafa ta, ko da girkinta ya yi suna. Saboda haka ina ganin ka faɗa musu dalilinka sau ɗaya, a fili, cikin fara'a, domin yawan kawo uzuri ne yake sa a zargi mutum da girman kai. Sannan kada ka tsaya a kan ƙin zuwa kawai. Unguwar Hyson Green tana da gidajen abinci na halal da dama, sai ka riga su gayyata a Juma'a mai zuwa, ka ce wannan karon kai ne mai masauki.