Tambaya da Amsa: Azumin Kwana Arba'in a Gida da Wurin Aiki

Wasiƙun wannan wata kusan duka a kan azumin da Kiristoci ke yi kafin Ista ne. Wani Fada na ɗariƙar Katolika da wani katikis ne suka amsa abin da ya shafi ibada, wata ma'aikaciyar jinya kuma ta amsa na lafiya.

Malam, na ƙirga daga Larabar Toka, ranar da ake fara azumin da shafa toka a goshi, zuwa jajibirin Ista na samu kwana 46. Ina arba'in ɗin da ake faɗa? Me ya sa kuma ranar ke sauyawa kowace shekara? (Wani ɗalibi daga Zariya)

Lissafinka daidai ne. Cire ranakun Lahadi shida da ke tsakani, saura 40. Ba a azumi ran Lahadi domin ita ce ranar tashin Almasihu daga matattu. Arba'in ɗin kuwa koyi ne da kwanakin da Yesu ya yi a jeji, kamar yadda yake a Matiyu sura 4.

Sauyin rana daga Ista yake tasowa. Ana yin Ista ran Lahadin da ta biyo bayan cikar wata ta farko daga 21 ga Maris, bisa lissafin ikilisiya, saboda haka ba ta zuwa kafin 22 ga Maris, ba ta wuce 25 ga Afrilu. In ka san ranar Ista, sai ka koma baya kwana 46. Misali, Ista ta 2026 ita ce 5 ga Afrilu, Larabar Toka 18 ga Fabrairu. Ta 2027 kuma 28 ga Maris, Larabar Toka 10 ga Fabrairu.

Baba Fada, ni ce mai girki a gida mai mutum tara, har da surukata da ƙananan yara. Wane ne zai yi azumi, wane ne ba zai yi ba? Ran Juma'a zan iya zuba romo ko ganda a miya in dai ba tsoka? (Wata uwa daga Kafanchan)

Mama, abu biyu ne mutane ke haɗawa, gara ki raba su tun farko. Akwai azumi, akwai barin nama.

Azumin da dokar Katolika ta wajabta kwana biyu ne kacal: Larabar Toka da Juma'ar da aka gicciye Yesu. A ranakun nan mutum ya ci cikakken abinci sau ɗaya, an kuma yarda ya ɗan taɓa wani abu da safe da yamma, wanda bai kai a kira shi cin abinci ba. Koko rabin kofi da ƙosai biyu da safe, tuwo da rana, ɗan kunu da dare, ya yi. Ciye-ciyen tsakani, irin gyaɗa da rake da cincin, shi ne ake bari. Wannan ya hau kan wanda ya cika shekara 18 har ya cika 59. In surukarki ta wuce nan, babu tilas a kanta.

Barin nama kuwa daga shekara 14 ne, kuma tsufa ba ya sauke shi. Ranakunsa takwas ne: Larabar Toka da Juma'o'i bakwai. Nama a nan ya haɗa da na dabba da na tsuntsu, wato kaza da zabo da agwagwa duk suna ciki, haka kilishi da tsire da kayan ciki. Ganda jikin saniya ce, ki bar ta. Ƙa'idar da Paparoma Bulus na shida ya fitar a 1966 ta fito fili ta halatta ƙwai, madara da nono, da man dabba da ake sa wa girki, don haka man shanu a kan tuwo ba laifi. Romo ne malamai suka sha bamban a kai. Shawararmu ki bar shi, don wanda ya tsame tsoka ya shanye romo ya san abin da yake yi. Kifi ɗanye da banda duk halas ne, fara ma haka, abincin Yahaya Mai Baftisma ke nan.

Inda gidaje da yawa ke kuskurewa shi ne a wajen kifi. A garuruwa da dama kifin da za a raba wa mutum tara ya fi naman da aka bari tsada, sai Juma'a ta zama ranar shagali. Miyar kuka da ta ji daddawa da wake, ɗanwake, alale, awara, fate da zogale, duk suna riƙe ciki. Kuɗin naman da ba ki saya ba, ki ware shi a ranar, kada ki bari ya narke cikin cefanen gobe. In a ce naira dubu biyu kike kashewa kan nama a rana, kwana takwas ya ba ki dubu sha shida, awon da zai kai wata gwauruwa wani wuri ke nan. Wata dabarar da yara ke iya shiga ita ce ajiye kwano kusa da buhu, duk lokacin da za a ɗebi hatsin girki a zuba tafi ɗaya a ciki, a kai wa mabukaci a Mako Mai Tsarki, wato makon ƙarshe kafin Ista. Ki kuma saurari sanarwar bishop ɗinku a coci, domin bishop-bishop na kowace ƙasa suna da ikon ƙara bayani a kan waɗannan ƙa'idodi.

Ni magini ne, wuni nake a rana. Abokan aikina Musulmi na tsokanata wai azumin da ake shan ruwa ba azumi ba ne. Na gwada daga shida zuwa shida ba ruwa, jiri ya ɗebe ni a kan bene. Ya zan yi? (Wani mai karatu daga Sakkwato)

Ɗan'uwa, kowane azumi da tsarinsa. A Ramadan ba ci ba sha daga alfijir zuwa faɗuwar rana, wannan ƙa'idarsu ce, a girmama ta. A 2025 ma azumin biyu sun haɗu, Ramadan ya kama a farkon Maris, Larabar Toka ta zo 5 ga watan. Amma a dokar Katolika ruwa ba ya karya azumi, magani ma haka. Shida zuwa shida ba ruwa al'ada ce da wasu majami'u ke bi, wanda ya ga zai iya ya yi, ba wajibi ba ce, kuma mai aikin ƙarfi yana da sassauci.

Azumin nan yakan faɗo cikin bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40. Mai ɗaukar bulo yana iya zubar da fiye da lita ɗaya ta gumi cikin awa guda. Alamun da za ka kula da su: fitsari ya yi kaɗan ya koma ja, ciwon kai, ɗaurewar jijiyar ƙafa, duhun gani in ka miƙe. In ka ga haka, sauko, shiga inuwa, ka sha ruwan gishiri da sukari a hankali: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Wanda ya fara sambatu ko jikinsa ya yi rau, a jiƙa shi da ruwa a yi asibiti da shi nan take.

Ka sha ruwanka, ka mayar da azumin inda ba zai jefo ka daga bene ba. Bar burkutu ko giya kwana arba'in ɗin, bar sigari, bar caca a waya, bar zagin lebura. In kai ne mai biyan yaran aiki, ka biya su kafin rana ta faɗi. Ishaya 58 ya tsawata wa masu azumi suna matsa wa ma'aikatansu. Ladabi kuma shi ne in azumin abokan aikinka Musulmi ya kama, ka juya gefe in za ka sha.

Ina da ciwon sukari, ina shan magani safe da yamma. A Zumuntar Mata an sa azumi har ƙarfe uku, ina jin kunyar in ce ba zan yi ba. (Wata mai karatu daga Yola)

Yaya, mara lafiya da mai ciki da mai shayarwa duk an ɗauke musu. Haɗarin a wurinki shi ne maganin yana ci gaba da sauke sukari ko kin ci ko ba ki ci ba, musamman allurar insulin da ƙwaya irin glibenclamide. Rawar hannu, gumi mai sanyi, bugun zuciya da yunwa mai tsanani alamu ne cewa sukari ya faɗi. In kina da abin awo kika ga ƙasa da 70 mg/dL, ki sha babban cokali ɗaya na sukari ko zuma a ruwa, ki sake awo bayan minti 15, sannan ki ci abinci. Kada kuma ki tsallake maganin don ki samu yin azumi, can ma sukari zai hau. In kin matsu sai kin yi, ki fara ganin likitanki ya duba lokutan shan maganin. Masu gyambon ciki, masu sikila, da masu shan maganin tarin fuka su ma su bi wannan shawara. Ki gaya wa shugabarku a keɓe, ki halarci addu'ar, ki ɗauki ziyarar marasa lafiya a madadin.

Ni 'yar ECWA ce, ba ma shafa toka. Ina so in kiyaye lokacin nan, daga ina zan fara? (Wata budurwa daga Gombe)

Katolika da Angilikan da Lutheran suna da shi a tsarin shekararsu ta sujada, wasu majami'u kuma ba su mai da shi doka ba, amma ba wanda ya hana ki. Tokar kanta alama ce ta tuba, ana samun ta ne ta hanyar ƙona ganyen dabinon Lahadin Dabino ta bara (Lahadin da ke zuwa mako guda kafin Ista), ba kuma sai da ita ake tuba ba.

Ga tsari mai sauƙi: Markus sura 16 ne, Luka sura 24, jimla 40. In kin fara da Markus ran Larabar Toka, sura ɗaya a rana ban da Lahadi, za ki karanta labarin gicciyewa a Luka 23 ran Juma'ar gicciyewa daidai. Ki tsayar da lokaci guda, kafin ki kunna data da safe ya fi, don wanda ya ce sai dare barci ke kwashe shi. Abin da za ki bari kuma ki zaɓi ɗaya wanda ake iya aunawa. "Zan rage waya" ba ya kai mako biyu. "Ba Facebook daga tara na dare zuwa bakwai na safe" yana kaiwa. In kin tsallake kwana, ki ci gaba daga inda kika tsaya. Matiyu 6 kuma ya ce mai azumi ya wanke fuska ya shafa mai, don haka ba sai an sanar a status ba.

Baba Fada, ina sayar da hatsi. Shekaru ina awo da mudun da aka ɗan buga gindinsa ciki, akwai kuma kuɗin wani da ya rasu a hannuna, iyalinsa ba su sani ba. In na furta a gaban Fada ya wadatar? (Wani ɗan kasuwa, ya nemi a sakaya garinsa)

Ɗana, furtawa ɗaya ce cikin biyar. Da farko ka zauna ka bincika zuciyarka, sai nadama, sai ƙudurin dainawa, sai furtawa, sai cika abin da Fada ya ɗora maka. Zunubin da ya taɓa dukiyar wani kuwa yana da ƙari, wato mayarwa. Wanda ya furta alhali ba shi da niyyar mayarwa, bai cika sharaɗin tuba ba. Zakka a Luka 19 ya ce zai mayar ninki huɗu. Ba a neman haka daga gare ka, abin da ka ci ake nema.

Mudun nan ka fasa shi yau, kada ka sayar wa wani ko ka ba yaron shago. Kuɗin mamaci hakkin magadansa ne, ba ya zama sadaka ko baiko a coci muddin ana iya samunsu. Rubuta adadin, ka duba abin da kuɗin ke saye a lokacin da ka karɓa. In buhu biyu ne a wancan lokaci, adalci shi ne ka duba kuɗin buhu biyu a yau. In ba za ka iya biya gaba ɗaya ba, ka raba shi kasuwa-kasuwa, ka fara da wannan mako. Ba dole ne ka tona kanka ba, kana iya aikawa ta hannun amintacce ba tare da suna ba. Masu sayen da ka tauye, waɗanda ka sani ka riƙa yi musu gyara a awo har ka ga ka rama; na waɗanda ba za ka iya ganowa ba, ka ƙiyasta ka ba matalauta.

Abin da ka faɗa wa Fada a wurin furta zunubi ba zai fita ba ko ana ha-maza-ha-mata, hukuncin Fadan da ya tona shi ne yankewa daga ikilisiya. Kada ka jira Mako Mai Tsarki, layi yakan yi tsawo, maganarka kuwa tana son zama. Ka nemi Fada a ofis a tsakiyar mako.

An sa ranar aurenmu cikin azumi. Za a ɗaura? (Wani ango daga Jos)

Dokar Katolika ba ta hana ba, sai a Juma'ar gicciyewa da Asabar da ke binta. Ana dai buƙatar a rage ado da shagali, wasu majami'un kuma ba sa karɓar rana a lokacin sam. Ka tambayi ofishin cocinku kafin ka buga kati, kuma in liyafa ta faɗo ran Juma'a, ka gaya wa masu girki tun da wuri cewa babu nama.