Vasa da kwale-kwalen da aka tono a laka

Tambaya: Malam, na ji an ce Vasa, tsohon jirgin ruwa mai filafilai na ƙasar Suwidin, yana lalacewa daga ciki duk da kuɗin da aka zuba. Mu ma masu haƙar yashi sun tono wani tsohon kwale-kwale a bakin koginmu, matasa na cewa a shanya shi a shafe shi da baƙin mai. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: Gara da bai kwanta ba. Kada ka bari a shanya shi, ko na wuni guda.

Labarin Vasa gaskiya ne, amma an ƙara masa gishiri. Ya nutse a tashar Stockholm ranar 10 ga Agusta 1628, a fitarsa ta farko, aka ciro shi a 1961. A 2000 aka ga tabo a jikin katakon: sinadarin sulfur da ya sha a ƙasan ruwa ya haɗu da tsatsar ƙusoshi ya zama asid. An daidaita laimar ɗakin da aka ajiye shi, an sauya dubban ƙusoshi da ƙarfen da ba ya tsatsa. Jirgin yana nan tsaye.

Maganar shanyar nan ce ta ishe ni, kullum sai na ji ta, har daga bakin masu kiran kansu masana. Itacen da ya daɗe a laka naman cikinsa ya zagwanye, ruwa ne kawai ke riƙe da siffarsa. Danna shi da yatsa, za ka ji shi kamar dafaffen rogo. Rana ta buge shi, sai ya tsuke, ya murɗe, ya tsattsage, kuma babu kafintan da zai mayar da shi. Baƙin mai kuwa saman kawai yake toshewa, ya kuma gurɓata itacen ga masu auna shekarunsa. Shekara 17, daga 1962 zuwa 1979, ana fesa wa Vasa wani sinadari mai kama da kakin zuma, PEG, don ya maye gurbin ruwan, sannan aka bar shi ya bushe a hankali. Su kuma matasanku da galan ɗaya za su gama!

Barinsa a lakarsa ba sabon abu ba ne: kwale-kwalen Dufuna na Yobe, mai kimanin shekara 8,000, a 1987 aka gano shi, ba a ɗago shi ba sai 1994.

Ku mayar da naku cikin lakarsa, ko ku lulluɓe shi da jiƙaƙƙun buhuna a inuwa. Ka sanar da mai gari da hukumar gidajen tarihi a rubuce, ka kuma bi takardar da ƙafarka, don in ka ajiye ta ka tafi, sai damina ta zagayo ba ka ji amsa ba.