Tambaya da Amsa: Dijonkita na yawan faɗuwa, in sa babba?

Tambaya daga wani tela a unguwar Zango, Damagaram: Ina da shago mai dutsen guga biyu, kowane wat 1200, da hitar ruwa wat 1500, da ƙaramin firigo da fanka biyu. Duka a kan dijonkita guda suke, an rubuta masa C16. Tun shigowar bazara yake faɗuwa, musamman da azahar. Wani ya ce in cire shi in sa na 32 in huta. Me kuka gani?

Amsa: Malam, don Allah kada ka sa na 32. Dijonkitanka lafiyarsa lau, aikinsa yake yi, wato yanke wuta da kansa idan lodi ya wuce ƙima. Mu yi lissafi tare. Guga biyu wat 2400, hita 1500, firigo da fankoki a ce 300, jimilla 4200. Raba wannan da volt 220 na wutar NIGELEC, za ka samu wajen ampiya 19. Lambar 16 da ke jikinsa kuwa ita ce iyakar abin da aka yi shi ya ɗauka, wato kamar wat 3500.

A cikinsa akwai wani siririn ƙarfe da aka yi da ƙarafa iri biyu a manne da juna. Wutar da ke bi ta cikinsa tana ɗumama shi, ɗayan ƙarfen ya fi ɗayan saurin miƙewa, sai ya lanƙwashe a hankali har ya taɓa kunamar da ke sakin sifirin, wuta ta yanke. Shi ya sa ba ya faɗuwa nan take, sai an jima ana aiki. Bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ƙera dijonkita, IEC 60898, idan lodi ya kai ninki 1.13 na lambarsa zai jure awa guda, idan ya kai ninki 1.45 dole ya faɗi kafin awa ta cika. An kuma daidaita shi ne a zafin digiri 30. A watan Afrilu da Mayu, cikin shago mai rufin kwano, akwatin wuta kan kai digiri 50, a nan kuwa na 16 yakan koma kamar na 14 zuwa 15. Dalilin faɗuwar azahar ke nan.

Abin da mai ba ka shawara bai duba ba shi ne wayar da ke cikin bango. Ita dijonkita ke karewa, kuma da kaurinta ake zaɓen lambarsa. Wayar jan ƙarfe mai kauri 1.5 (murabba'in milimita) ba a wuce mata ampiya 16, mai 2.5 ba a wuce mata 20, shi kuwa na 32 sai waya mai 6. Ka sa 32 a kan waya mai 1.5, za ta yi ta ɗaukar zafi, robar jikinta ta bushe ta tsage ko ta narke, shi kuma yana tsaye bai san ana yi ba, don a wurinsa ampiya 25 ba komai ba ne. A shagon da ke cike da yadi da shadda wannan gobara ce kai tsaye, Allah ya kiyaye.

Ka kira mai gyaran wuta ya raba maka layi. Guga biyu su samu layinsu da waya 2.5 da dijonkita 16 ko 20, hita da firigo su samu nasu, fitilu da fankoki su hau waya 1.5 da dijonkita 10. Ya kankare bakin wayar ya duba, domin kasuwa cike take da alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe, wanda ba ya ɗaukar abin da na gaske ke ɗauka. Ya kuma ɗaure sukurorin dijonkitan sosai. Sukuru mai sako-sako yana haifar da zafi a bakin waya, zafin ya shiga ciki ya kayar da shi ko da lodi bai yi yawa ba. Alamarsa baƙi-baƙi a jikin robar da warin ƙuna. Sannan a tabbata jimillar lodin bai wuce ƙarfin da ka yi rajista da shi a kan kontarka ba.

Tambaya daga wata uwargida a Birni: Dijonkitanmu da an ɗaga shi yake komawa ƙasa da ƙara. Yarana suna cewa a danne shi da itace.

Amsa: Hajiya, wannan ba yawan lodi ba ne, wayoyi biyu ne suka haɗu a wani wuri. Idan haka ta faru ɗaruruwan ampiya ke kwararowa lokaci guda, sai wata naɗaɗɗiyar waya da ke ciki ta zama maganaɗisu mai ƙarfi, ta fizgi sandar da ke buɗe hanyar wuta kafin ƙiftawar ido. Harafin da ke gaban lamba na wannan ɓangaren ne: B yana faɗuwa a ninki 3 zuwa 5 na lambarsa, C a ninki 5 zuwa 10, D a ninki 10 zuwa 20, na injina masu jan wuta da yawa wurin tashi. Ƙarar da kike ji tartsatsi ne, wanda wasu jerarrun faranta na ƙarfe ke yayyankawa su kashe.

Danne shi ba zai hana shi yankewa daga ciki ba, haka aka ƙera shi, amma kowace ɗagawa tana cinye bakin ƙarafunansa. Ki sa a cire duk abin da aka jona a layin, a ɗaga sau ɗaya. In ya tsaya, a riƙa mayar da kaya ɗai-ɗai har a gano mai laifin. In ya sake faɗuwa ba komai a jone, matsalar tana cikin bango ko a wayar tsakar gida da ruwan damina ko ɓera ya ɓata, a bar shi a ƙasa sai ma'aikaci ya zo.

Tambaya daga wani mai sayar da ƙanƙara a kusa da kasuwar Dole: Injin ƙanƙarata yana jan mutum in an taɓa shi, amma dijonkita bai taɓa faɗuwa ba. Ya lalace ne?

Amsa: Bai lalace ba, Alhaji, ba a yi shi don wannan ba. Wutar da ke iya tsayar da zuciyar mutum ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na ampiya guda ba, shi kuwa sai an wuce 16 yake motsi. Kana bukatar dijonkita mai gane yoyon wuta, wanda aka rubuta wa 30mA, yana da maɓallin gwaji mai harafin T da ake dannawa lokaci-lokaci don a ga yana yankewa. Sai kuma wayar ƙasa mai launin kore da ɗorawa daga jikin injin zuwa sandar ƙarfe da aka kafa a wuri mai laima. Ka cire injin daga wuta yau ɗin nan, kada yaran shago su sake taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu kafin a gyara.