Bututun da ya tsage ba tare da ya yi tsatsa ba

Tambaya: Ina sayar da bututun ƙarfe. Na samu kwangilar kai kaya wani kamfanin iskar gas, na tura ƙanena ya sayo, ya samo mai araha kuma mai tauri. Cikin wata 7 bututu ya tsage a bakin walda, ko tsatsa babu a jikinsa. Sun ce iskar H2S ce, wai in mayar da kuɗi. Anya ba zamba ba ce? Ina shirin cin bashi in kama kwangila ta biyu in cike giɓi.

Amsa: Alhaji, ba zamba ba ce, kuma maganar bashi a jingine ta tukuna. Ina takardar masana'anta? Ka biya kuɗin ƙarfe babu shaidar gwaji, babu lambar narki (lambar da ke nuna rukunin da aka narka ƙarfen a masana'anta) da za a duba a jikin bututu, sai maganar ƙanenka. Nan ka faɗi.

Taurin da ya burge shi shi ne ya kashe kayan. H2S, wato haidirojin salfaid, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, idan ta haɗu da danshi takan ci fuskar ƙarfe ta bar baƙin dauɗa. Wannan da sauƙi, ana ganinsa. Mugun aikin a ciki yake: ƙwayoyin haidirojin suna kutsawa cikin naman ƙarfen. A ƙarfe mai laushi sukan taru inda datti ya maƙale tun daga narki, su tayar da bororo, tsaga ta riƙa haɗuwa da tsaga. A mai tauri kuwa, musamman gefen walda inda zafi ya ƙara masa tauri, ƙarfen kan yi gautsi ya fashe farat ɗaya, kaurinsa na nan yadda yake. Fentin waje bai hana wannan.

Shi ya sa ƙa'idar NACE MR0175, wadda ake kira ISO 15156, ta tsayar da taurin ƙarfen bututun da zai ɗauki iska mai H2S kada ya wuce 22 a HRC, ma'aunin taurin ƙarfe. A rijiyoyin Kashagan na Kazakistan an fara haƙo mai a 2013, cikin 'yan makonni wannan iska ta tsaga bututu, aiki bai dawo ba sai 2016 bayan an sauya su. Manyan kamfanonin duniya ke nan, balle kai.

Na san wani dillali da ya yi ta murnar ragin kashi 15 cikin 100, ƙarshe kuɗin tono da sauya bututu ya cinye ribar har da uwar kuɗi. Masu cewa kwangilar mai da gas arziki ce ta dare ɗaya ba sa ba da irin wannan labari, abin yana ba ni haushi.

Ɗauki guntun da ya tsage ka kai ɗakin gwaji mai zaman kansa a auna tauri. Duba takardar oda: idan sun rubuta cewa kayan na iska mai H2S ne, nemi sulhu ka biya kashi-kashi. Idan ba su rubuta ba, kana da bakin neman a raba asara. Ƙanenka kuma kada ya sake biyan ko kwabo sai takardar gwaji ta zo hannunka, lambarta ta yi daidai da ta jikin bututu.