Wace irin lamba ce 2,147,483,647?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina karatun kwamfuta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Na rubuta 'yar manhaja don adana lambobin wayar 'yan ajinmu, sai ta ƙi karɓar duk abin da ya haura 2,147,483,647. Abokina ya ce wai lambar firam ce. Da gaske ne? In haka ne, wace iri ce?
Ɗalibi daga Tudun Wada

Amsa: Wa'alaikumus salam. Abokinka ya faɗi gaskiya, ɗana. Babu lambar da ke raba ta ba ragowa sai 1 da ita kanta, wannan kuwa shi ne firam.

Ka jera 2 guda 31, ka ninka su, ka cire 1, ita za ka samu. Firam masu wannan siffa ana jingina su ga Marin Mersenne, wani malamin coci ɗan Faransa da ya rasu a 1648. Na farkonsu su ne 3, 7, 31 da 127, taka kuma ita ce ta takwas. Amma kada siffar ta ruɗe ka. Jera 2 guda 11 ka cire 1, za ka ga 2,047, alhali 23 sau 89 ce.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar da ita a 1772, ba tare da kwamfuta ba. A ƙa'ida sai an gwada raba ta da kowace firam har zuwa 46,340, lambar da in ka ninka ta da kanta za ka kai dab da taka. Wa zai yi wannan jan aiki? Sai ya ɗauki wata dabara: duk firam ɗin da za ta raba lambar, dole ta bar ragowar 1 in aka raba ta da 62, wato 31 sau biyu. Duba 23 da 89 ɗin nan, kowacce in ka raba ta da 22, wato 11 sau biyu, ragowar 1 ce. Da wannan rariya ya tankaɗe mafi yawan lambobin, ya gwada 'yan kaɗan da suka rage, babu wadda ta raba ta.

Tana da wata daraja kuma. Ita 31 ɗin ma 'yar gidan Mersenne ce, 32 ce aka cire 1. Irin wannan gado na uwa da 'ya, huɗu kawai aka sani: 7, 127, taka, da wata mai alƙaluma 39 da masanin lissafi Édouard Lucas ya tabbatar a 1876. Girma kam an wuce ta tuni: wadda aka gano a Oktoban 2024 alƙalumanta 41,024,320 ne.

Manhajarka kuwa ba ruwanta da firam, dacewa ce kawai. Ka ba lambar gurbi 32 a kwamfuta, kowane gurbi 0 ko 1 kawai yake ɗauka; ɗaya ya tafi wajen nuna alamar ɗebewa, 31 da suka rage in sun cika maƙil nan suke tsayawa. Lambar wayar da ta fara da 080 ta kai biliyan 8, ina za ta shiga? Ka adana ta a matsayin rubutu, hakan zai ma tsare maka sifirin farko.