Amsar Baffa kan durƙuso a jami'a

Ɗana, saƙonka ya iso ni bayan sallar isha'i, sai da na karanta shi sau biyu. Ka ce ka durƙusa har ƙasa ka gai da malaminku a barandar sashenku can Samaru, 'yan ajinku suka yi ta dariya, shi kuma ya ce ka tashi, nan ba fada ba ce. Shi ne kake tambaya ko durƙuso ya ƙare ke nan tunda ka shiga jami'a.

Kada abin ya tsaya maka a rai. Tarbiyyar gidanku ka nuna, kuma durƙusa wa wada ma ba gajiyawa ba ne, balle wanda zai ba ka ilimi. Sai dai Jami'ar Ahmadu Bello, tun buɗe ta a 1962, ba ta Bahaushe kaɗai ba ce. Dubi ɗakinku na kwanan ɗalibai kawai. Bayarabe in zai gai da mahaifinsa rub da ciki yake kwantawa, mace ta sa gwiwa biyu a ƙasa. Ibo kuwa yawanci a tsaye yake gaisuwa, kuma a wurinsu ba raini ba ne. Kowa da yadda aka koya masa girmama na gaba. Malamin da ɗaruruwan ɗalibai ke wucewa ta gabansa kullum, in kowa ya zube a baranda, ta ina za a bi?

To ga yadda za ka yi. A hanya ko a aji, ka ɗan rusuna, ka sassauta murya, ka ce barka da asuba Malam. Kada ka riga shi miƙa hannu. In ya miƙo, ka karɓa da hannu biyu. Ofishinsa kuwa sai da sallama, kuma ba ka zama sai an ce ka zauna. Amma in dattijo ne namu ka same shi a gidansa ko a ƙofar masallaci, durƙusa abinka, babu mai ce maka don me. Masu gadi da tsofaffin da ke share muku ɗakuna, su ma iyayen wasu ne, kada ka wuce su ba gaisuwa.

Ni ba durƙuson ne ma ya fi damuna ba, kunya nake ji maka tsoro. An rene mu a kan yaro ba ya haɗa ido da babba, ba ya mayar masa da magana. A zaure wannan ado ne. A ɗakin lakca kuwa yana iya cutar da kai. A sakandare ƙararrawa ke tashinka, malami ya duba littafinka, in ka yi fashi a neme ka. Nan babu mai nemanka, wataƙila har zango ya ƙare malamin bai san sunanka ba. Ni a shekarata ta farko akwai darasin lissafin da ban gane ba tun mako na uku. Kullum sai in ce yau zan ɗaga hannu, sai nauyin malamin ya hana ni. Sai da na maimaita darasin nan, har yau kuma ina jin ciwon abin. Tambaya cikin ladabi ba fitsara ba ce. In aji ya yi maka cika, bi shi ofis. In ya ambaci littafi, nufi ɗakin karatu na Kashim Ibrahim tun ranar, kada ka bari sai jarrabawa ta ƙarato.

Batun abinci, in ka dafa ka yi wa 'yan ɗakinku bismillah ko wane yare ne su. Amma ka riƙa auna garin kwaki da ƙuli-ƙulin da Innarka ta ƙulla maka, don zango yana da tsawo.

Ranar da ka dawo hutu kuwa, takalminka a bakin ƙofa, gwiwarka a ƙasa gaban Hajiya da mahaifinka, kamar yadda ka saba. Na ga yaran da zango ɗaya tak suka yi suka dawo suna miƙa wa iyayensu hannu a tsaye, na kuma ga yadda fuskar iyayen ta canja.

Ka kira Innarka ranar Juma'a, ta ce kwana goma ke nan ba ta ji muryarka ba. Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'ar karatu.